Haƙorin da na bari a kasuwar Illela

Duk lokacin da harshena ya kai ƙuryar muƙamuƙina na hagu, wani giɓi ne ke tarbarsa. Ina da shekara 16 na same shi, ranar wata Lahadi, ranar da kasuwar Illela ke ci. Kwana uku ke nan ban runtsa ba. An sa mini kanumfari, an daka tafarnuwa an cusa a kogon, har wani maƙwabci ya ce a ɗiga ruwan batir, Allah Ya sa Inna ta ƙi. Da abin ya faskara, sai kawuna ya riƙe hannuna zuwa wurin wani mai cire haƙori da ya shimfiɗa buhu kusa da 'yan magani, ga kwalba cike da haƙoran mutane a gabansa, shaidar aikinsa ke nan. Ya leƙa bakina ya ce wa kawu, "Tsutsa ce ta cinye hauren, sai an hidda shi." Ya sa awartaki. Haƙorin ya karye, saiwa ɗaya ta saura a ciki.

Bayan mako biyu kuncina ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Sai a lokacin aka sa ni a mota zuwa Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 80, ta Gwadabawa da Kware. Likitan da ya zaro ragowar saiwar ya tambaye ni yaushe ruwan sanyi ya fara sa haƙorin tsami. Na ce ya kai shekara. Ya ce da a lokacin na zo, ciko na 'yan mintoci ya isa, kuma da haƙorina yana nan.

Abin da ya dawo mini da wannan labari shi ne hutun da na yi a gida kwanan baya. 'Yar yayata ta matsa sai an sa mata wayar haƙori, Inna kuma tana fama da dasashi mai jini amma ta ce ba za a wanke mata haƙora ba, wai wankin yana sa su girgiɗi. Da yake a gidanmu ana ɗauka ɗan jarida ya san komai, ni aka tasa gaba da tambayoyi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsoshin da na tara daga bakin likitoci a shekarun da na yi ina bin labaran lafiya.

Da gaske tsutsa ce ke cin haƙori?

Babu tsutsa. Wannan imani tsoho ne ƙwarai, har a rubuce-rubucen mutanen Babila na dā an same shi, saboda haka ba mu kaɗai muka ruɗu ba. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin farin dattin da ke manne wa haƙori. Abincinsu sukari ne. Idan sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori a hankali, har rami ya buɗe. Yawu yana gyara ɓarnar idan aka ba shi lokaci. Don haka yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin kansa illa. Wanda ya ci alkaki ko nakiya sau ɗaya bayan abinci ya fi sauƙi a kan wanda ya wuni yana kurɓar shayi mai zaƙi, ko yaron da alawa ba ta barin bakinsa daga hantsi zuwa magariba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke da wata cuta ta baki, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Bambancinmu da wasu wurare shi ne lokacin da muke zuwa asibiti.

Ciwon ya lafa, ke nan na warke?

Wannan ce tambayar da ta fi cutar da mu. Haƙori yana da hawa uku: ɓawo mai tauri a waje, wani sashe mai ɗan laushi a tsakiya, sai jijiya da hanyoyin jini a can ciki. Muddin ramin yana ɓawo, babu zafi ko kaɗan. Idan ya shiga tsakiya, sai tsamin ruwan sanyi ko na zaƙi ya fara. Idan ya kai jijiya, shi ne ciwon da ke hana barci. Bayan wasu kwanaki jijiyar kan mutu, ciwon ya ɗauke, mutum ya gode wa kafson da ya saya a kemis. Alhali ƙwayoyin cutar sun samu hanya ke nan zuwa ƙarshen saiwa, inda za su tara mugunya cikin ƙashi.

Kanumfari yana rage zafi da gaske, domin man da ke cikinsa har likitocin haƙori suna amfani da shi. Amma ba ya toshe rami. Asfirin da ake dannawa a kan dasashi ƙona naman yake yi, ruwan batir kuwa ba a ma maganarsa. Kafso na iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, sai dai tushen cutar yana nan har sai an wanke cikin saiwar an cike ta, ko an cire haƙorin.

Ga mu da ke nesa da likita, ya kamata mu san abin da zai iya jiran ranar da aka samu kuɗin mota da wanda ba zai kwana ba. Tsami da ƙaramin rami za su iya jiran mako ɗaya ko biyu. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, da zazzaɓi, da kasa buɗe baki ko haɗiyar yawu, wannan a tafi asibiti a daren. Irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi.

Cire haƙorin sama yana kashe ido?

Ba ya kashewa. Jijiyar gani dabam take da ta haƙori. Abin da ke barazana ga ido shi ne mugunyar haƙorin sama da aka ƙyale ta yaɗu, kamar yadda ta so ta yi mini. Haka maganar Inna kan wankin haƙori. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙora shi ne ke cin dasashi da ƙashin da ke riƙe su. Idan an kankare shi, sai mutum ya ji ramuka da ɗan motsi, ya zargi wankin, alhali ɓarnar ta riga ta auku, dutsen ne ya rufe ta. Jinin dasashi kuma ba dalilin daina goge baki ba ne. Yawanci alama ce ta cewa wurin yana buƙatar ƙarin tsabta.

Asuwaki ko buroshi?

Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Asuwaki sunna ne, kuma yana share datti sosai idan an bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, ba a tsaya kan na gaba da ake gani ba. Inda ya gaza shi ne turamen ƙurya da tsakanin haƙora, kuma ba shi da isasshen fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Saboda haka a riƙe asuwaki da rana, a goge da buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid sau biyu, minti biyu kowane karo. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan an yi barci. A tofar da kumfar kawai, kada a kuskure da ruwa nan take, don sinadarin ya zauna. Gawayi da toka da gishiri suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma kankare ɓawon suke yi, shi kuwa ba ya sake tsirowa.

Haƙoran yara ai famfara za su yi, me ya sa za a damu?

Yaro yana da haƙoran farko 20, babba yana da 32. Wajen shekara 6, wani turmi yana fitowa a bayan haƙoran farko ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka shi ma na famfara ne, sai a ƙyale shi ya ruɓe. Na dindindin ne, ba shi da magaji. Shi ne wanda na bari a kasuwar Illela.

Akwai kuma abin da muke kira zawon haƙori. Fitar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Wata shida shi ne lokacin da jariri ke fara rarrafe yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwa, daga nan cutar take shiga. Duk uwar da aka ce wa "haƙori ne, zai wuce" alhali yaro yana zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalilin da ya fi na kowa na leƙa bakin yaro, wato cutar noma. Tana kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Farkonta ba ya ban tsoro: dasashi ya yi ja yana jini, baki ya yi wari, sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya fara zaizayewa har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Amma a matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a Disamban 2023 aka saka noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Asibitin yana kusa da mu. Abin da ya rage shi ne a ɗaga leɓen yaro a duba, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba.

To, wayar haƙori fa?

Na tambayi 'yar yayata me take so a gyara. Ta nuna wushiryarta. Inna ta riƙe baki ta ce, "Ke ɗiyar nan, abin da ake yi wa mata kirari da shi za ki toshe?" A nan ina bayan Inna. Wushirya ba cuta ba ce. Waya tana da amfani na gaske ga wanda haƙoransa suka hau juna har ba sa goguwa, ko na sama suka turo gaba har leɓe ba ya rufuwa, ko na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa wajen tauna.

Yadda take aiki shi ne, tana matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa ya narke kaɗan-kaɗan, sabo ya ginu a bayansa. Shi ya sa ba a gaggawa. Yawanci ana ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa wurin likita duk bayan mako 4 zuwa 8 ya daidaita ta. Bayan an cire, sai an ci gaba da sa abin da ke riƙe haƙoran, in ba haka ba su koma inda suka fito. An fi farawa wajen shekara 11 zuwa 14, amma babba ma yana iya yi idan dasashinsa lafiya lau ne. Ba a sa ta a bakin da ke da rami ko dasashi mai jini sai an fara magance su.

Ga ɗan Illela, lissafin bai tsaya kan kuɗin waya ba. Zuwa Sakkwato ne da dawowa sau goma sha wani abu. Ga 'yan'uwanmu na Birnin Ƙonni kuwa har da iyaka a lissafin, kuma mun ga yadda aka rufe ta wata da watanni bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Wayar da aka bari ba kulawa tana tara datti, tana iya ja haƙora inda ba a so. Wanda bai da tabbacin kammalawa, gara kada ya fara. Ita kuwa wayar ado da ake tallatawa a intanet, wadda wani zai manna maka a shago ba hoto ba awo, ita ma matsa haƙori take yi, sai dai babu wanda ya san inda za ta kai shi.

Kafin na baro gida mun yi yarjejeniya. Yarinya ta haƙura da waya, amma za ta raka kakarta Sakkwato a wanke mata haƙora, ita ma a duba nata. Ni kuma na tara ƙananan yaran gidan a tsakar gida, na sa kowa ya buɗe baki, na haska da fitilar wayar hannuna. A bakin ɗan ƙanena mai shekara 7 na ga ɗigon baƙi a kan turmin ƙurya na hagu. Na tambaye shi ko yana masa ciwo, ya girgiza kai. Uwarsa ta ce tunda ba ya ciwo a bari sai bayan girbi. Na buɗe bakina na nuna mata giɓin, sannan na sa sunansa cikin masu tafiya.