Mun je ƙasar Dungu, mun ƙirga tukwane

Makon jiya ni da sakatariyarmu muka kai ziyara wani ɗan ƙauye a ƙasar Dungu, inda mata suka aiko suna so a buɗe masu asusu irin namu.

Ga wadda ba ta san wurin ba, Dungu tana gabas da Matamaye, ɗaya ce daga cikin komin tara na gundumar Kance, a jihar Damagaram. Kabu-kabu muka hau, hanya duk yashi, gonakin hatsi dama da hagu, itatuwan gawo tsaye a cikinsu. Da muka gangara kwarin Korama sai ga kore shar: rake, kabeji, tumatir, albasa. Ruwa kusa yake, ba a haƙa da nisa. Raken da muke sha a kasuwar Matamaye, da yawansa daga can yake fitowa.

Kun san kafin a buɗe asusu sai an san mata nawa ne, don in suka wuce talatin lissafin zubi da bashi yakan rikice. Bayan gaisuwa na ce wa mai gari: "Ranka ya daɗe, mutum nawa ne garin nan?" Ya yi murmushi ya ce: "Muna da yawa, alhamdu lillahi." Na juya wajen mata, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce: "Ɗiyata, ba a ƙirga ƴaƴa, baki ke kama su."

Ban yi mata gardama ba. Na ce: "To Inna, mu bar ƴaƴa, mu ƙirga tukwane." Sai dariya. Aka kawo tsakuwa, duk gidan da ake ɗora tukunya aka aje guda. Gidan da kishiyoyi ke girki bi da bi, tsakuwa ɗaya. Inda ɗa ya ware da matarsa, tasa daban. Su ma masu ƙidayar gwamnati haka suke yi, waɗanda ke ci tare su ne gida ɗaya. Kafin la'asar muka ga asusu ɗaya ba zai ɗauke su ba, sai biyu.

A hanyar komowa abin ya tsaya mani a rai. Nijar ta yi ƙidaya a 1977, 1988, 2001 da 2012. A ta 2012 an samu mutum sama da miliyan 17 a ƙasa baki ɗaya, gundumar Kance kuwa kusan dubu 400. Da irin wannan lissafi ake duba inda za a ƙara aji a lakwal, inda za a sa fanfo ko gidan likita. Ƙauyen da ya ɓoye yawansa, shi da kansa ya rage rabonsa, kuma mu mata ne za mu ci gaba da dogon zuwa rijiya.

Don haka ga roƙona. Kowace ƙungiya ta rubuta a shafin farko na littafinta: sunan gari, komin ɗinsa, kasuwar da ta fi kusa, da yawan tukwane. Ku zo da shi taro mai zuwa. Ranar da masu ƙidaya suka shigo kuma, a ba su ruwa, a gaya masu gaskiya, har jaririn da ke goye.

Allah ya sa albarka a zubinmu, amin.