Askar Inna

A unguwar Zariya ta birnin Maradi akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin baitulmali, wanda ya yi shekara 30 yana ƙidayar kuɗin da ba nasa ba kafin ya ajiye aiki. A ƙarshen 1993 ya sayi kamarar bidiyo a hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Kotonu, makonni kaɗan kafin a karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 ya koma dala 20. Har yau yakan ce wannan ita ce dabara ɗaya tak da ya taɓa yi a sha'anin kuɗi. Da kamarar nan ya ɗauki aure da suna da hawan salla, har kaset suka cika akwatin ƙarfe.

A cikinsu duka, kaset guda ce ke hana shi barci. A 1996, ranar wani suna a Tibiri, mahaifiyarsa ta zauna bisa tabarma a gindin bedi, ta yi minti 40 tana lissafa zuri'a: wane ya haifi wane, wace aka kai aure ina, wa ya tafi cin rani bai komo ba. Bagobira ce, askarta ta tashi daga gefen baki ta bazu zuwa kunne. Shekara 2 bayan haka Allah ya yi mata rasuwa, kuma ba wani wuri a duniya da take motsi tana magana sai cikin wannan zare. Yayarsa, wadda ke aure a wani ƙauye arewa da Dakoro, ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ba ta iya hawa mota. Ita ce ta aiko masa da saƙo cewa tana son ta ga Inna kafin ta bi ta.

Ba a jinkiri da irin wannan saƙo. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset, na'urar kunna ta kuwa tun 2016 kamfanin ƙarshe da ke ƙera ta, wani na Japan, ya daina. Ya kai kaset ɗin wani shago, wani saurayi ya juye ta cikin kwamfuta, ya miƙo masa yana alfahari cewa ya fitar da ita a layi 1080, girman da babu na biyunsa. Nauyinta giga 3. Aka ɗora ta a intanet, a wurin da ƙungiyar ƴan asalin garinsu ke ajiye hotunanta, don dangi na Abijan da Kano da Tamanrasat su ma su samu rabonsu.

Na Abijan suka kalla, suka yi kuka, suka kira suka yi godiya. A ƙauyen yayar kuwa, jikanta ya hau tudu ya sauko, ya tsaya bakin rijiya inda rezo ya fi kamawa, ya dawo ya durƙusa gabanta da waya. Ba abin da ta gani sai wani ɗan zobe yana juyawa bisa baƙin allo. Da hoto ya fito sau ɗaya, Inna ta buɗe baki ta tsaya cak, mega ɗin yaron suka ƙare. Tsohuwa ta ce a bar shi, wataƙila ba rabonta ba ne.

Ɗiyar dattijon, wadda ke aikin kwamfuta a Yamai, ta zo hutu ta tarar da shi yana zagin rezo. Ta duba abin da aka ɗora, ta ce: «Baba, ba laifin hanya ba ne kaɗai. Tirela kuka loda, kuka ce ta bi hanyar amalanke.»

Ta yi masa lissafi irin wanda ya sani. Bidiyon nan yana bukatar megabit 10 a kowane sakan, alhali layin ƙauyen da ƙyar yake kawo guda ɗaya. In kayan sakan ɗaya na kallo suna ɗaukar sakan 10 kafin su iso, dole hoto ya tsaya jira. Abin takaicin shi ne, nauyin nan duk na banza ne. Kamarar da ya saya hoto 25 take ɗauka a sakan, a layi 576, kaset kuma ba ta ma riƙe kaifin wannan duka ba. Kumbura ta zuwa 1080 bai ƙara mata ko gashin ido ɗaya ba. Ƙaiƙayi aka zuba a buhu don ya yi tsawo. Saurayin shago bai yi da mugunta ba. Masu kawo masa aiki ne suka saba jin babbar lamba, in ya faɗi ƙarama sai su ga kamar an tauye su.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ba dattijon dariya, don ta tuna masa da buro. Kowane bidiyo irin na MP4 yana ɗauke da takardarsa, wadda ke gaya wa waya inda kowane hoto da kowace murya suke. Na'urori da yawa sai sun gama aiki suke rubuta ta, su liƙa ta can ƙarshe. Wayar da ba ta ga takardar ba, ba ta iya farawa, sai ta je ta nemo ta, wani lokaci ma sai kaya sun sauka duka. Ya ce wannan ai direba ne ya iso duwan, takardun kaya suna ƙarƙashin buhu na ƙarshe. Gyaransa bai kai minti ɗaya ba: a dawo da takardar gaba.

Suka koma shagon, aka sake juye kaset ɗin a girmanta na asali. Wannan juyi ta ce a adana shi wuri biyu, kada a taɓa shi, domin duk abin da aka matse ba ya komawa yadda yake. Daga gare shi ta shiga aiki da FFmpeg, wata manhaja ta kyauta da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya soma a shekarar 2000. Ta fara da haɗe layukan hoto, don telebijin na da rabi-rabi yake zana shi, layi ɗaya a tsallake ɗaya, abin da ke sa hannu mai motsi ya fito a waya kamar haƙoran matsefi. Sannan ta matse shi da tsarin H.264, wanda aka tsayar a 2003, don kusan ba wayar zamani da ba ta karanta shi. Hikimar tsarin ita ce ba ya aika kowane hoto cikakke. Yakan aika ɗaya, ya bi shi da abin da ya canza kawai. Ta sa cikakken hoto ya riƙa zuwa duk sakan 2, wato ɗaya cikin 50. Tsohuwa zaune bisa tabarma ba ta da tsada a wannan ciniki. Ganyen bedi da ke kaɗawa bayanta da yayyafin tsohuwar kaset su ne ke cin kuɗi, don na'ura ba ta san cewa ba su aka zo kallo ba.

A nan ne suka saɓa. Don ta rage nauyi, ɗiyar ta wanke yayyafin sosai, ta sauko da hoton zuwa layi 240, megabit ɗaya ma bai cika kashi ɗaya cikin uku ba. Minti 40 suka koma mega 90. Ta kunna masa tana murna, yana tafiya sumul ba tsayawa. Ya daɗe yana kallo bai ce komi ba, sannan ya cire tabarau ya ce:

«Wannan ba uwata ba ce.»

Na'urar ta ɗauki askar fuskarta a matsayin datti, ta share ta tare da yayyafin. Kumatun Inna sun fito sulɓi kamar na ƴar tsana. Ɗiyar, wadda ba a yi wa aska ba, kuma ba ta san kakarta ba sai a hoto, ba ta lura da abin da ya ɓace ba. Ta ce ai murya tana nan, Gwaggo za ta gane ta. Ya ce da murya kawai ake so, da tuni ya aika da kaset ta rediyo. Gaskiyarsa ce, amma ita ma ba ta yi ƙarya ba da ta ce fuskar da ba ta isa Dakoro ba, da aska da babu duk ɗaya ne.

Kwana biyu suka yi suna ja. Ta sassauta wankin, ta hau zuwa layi 360, ta ninka abin da ake kashewa a sakan, nauyi ya zama mega 180. Duk gwajin da ta fitar, sai ya tsayar da hoton daidai inda Inna ke juyowa ta dubi kamara, ya kusanto da waya ga idonsa. A na huɗu ya gyaɗa kai. Daga nan ta bi hanyar da kamfanin Apple ya fito da ita a 2009, mai suna HLS: ta shirya bidiyon girma uku, 240 da 360 da 576, ta yanka kowane gunduwa-gunduwa na sakan 6. Wayar mai kallo ce ke auna ƙarfin rezo, ta ɗauki gunduwar da za ta iya. In ya yi rauni ta sauka, in ya dawo ta hau. Na 240 ɗin ma ta sake shi, ba wanki mai yawa. Bai so a bar shi ba, ta ce shi ne igiyar da za ta riƙe muryar in hanya ta ƙuntata. Ya yarda da sharaɗin a gaya wa yaron ya jira bayan asuba, lokacin da mutane ba su cika layi ba.

Ranar Juma'a da hantsi waya ta yi ƙara. Yayar ce da kanta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce ta kalla har ƙarshe, sau ɗaya kawai hoton ya dushe ya dawo. Ta ce zanen da Inna ta ɗaura ranar nata ne, aro ta yi ba ta mayar ba. Sannan ta ce Inna ta yi kuskure a wuri guda: wanda ya tafi Kumasi bai komo ba ƙanen kakansu ne, ba wansa ba. Dattijo ya jawo takarda da biro, ya ce ta maimaita sannu-sannu.