Tsatsa Biyu a Jikin Mota Ɗaya: Ziyara Wurin Masu Walda a Panteka

Kunne ne ke riga ƙafa isa Panteka. Tun daga bakin titin Foli, a Tudun Wadar Kaduna, za ka fara jin guduma na sauka a kan ƙarfe, wata na kira wata na amsawa, ga kukan injin gurza ƙarfe da ba ya hutawa sai an ɗauke wuta. A cikin kasuwar ana ƙera ƙofofi da tagogi da injinan niƙa, ana zuba tukwanen alminiyam. Amma ni ba wurinsu na nufa ba. Kawuna ne ya ja ni zuwa wani fili a gefe, inda ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, inda motarsa ta kwana uku babu ƙofa, babu gilashi, babu kujera, an ɗora ta a kan kututture kamar saniyar da aka feɗe.

J5 ce. Wanda ya taɓa bin hanyar Zariya da rani ya san ta, tana tafe a karkace da kwandunan tumatir har bisa rufi. Kamfanin Peugeot, wato Fijo a bakinmu, ya fara fitar da ita a 1981, ya daina a farkon shekarun 1990, don haka ko autarsu ta haura shekara 30. A Italiya aka harhaɗa ta, a masana'anta guda da Fiat Ducato da Citroën C25, shi ya sa ƙofar wannan kan zauna daram a jikin waccan, kuma direbobinmu ba sa wahalar da kansu, duk J5 suke kiransu. Kaduna kuwa garin Fijo ne tun 1975 da aka fara harhaɗa motocin kamfanin a Kakuri, saboda haka ba a rasa hannun da ya san halin ƙarfenta.

Ogan wurin dattijo ne siriri, hannunsa duk tabon tartsatsi. Da muka gaisa bai ɓata lokaci ba, ya ɗauko sukundireba da wani guntun mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar sifika, ya shiga zagaya motar da mu. Inda mayen ya manne, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, fila ce wani ya taɓa lafta wa a baya ya rufe da fenti. A ƙasan mazaunin ƙofar gefe ya ɗan danna sukundireban, sai ga shi ya shige kamar cikin ɓawon burodi.

“Alhaji, ka ga motar nan,” in ji shi, “tsatsa biyu ke cin ta. Akwai wadda ta zo da ita, akwai wadda kai ka sa mata.”

Kawu ya yi dariya, ni kuma na matso, don ban taɓa jin an raba wa tsatsa gida biyu ba.

Ta farkon ta Turai ce. Yawancin motocin nan sai da suka gama aiki a can kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Legas. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara don ta narke, taya ta feso ruwan gishirin ya maƙale a lungunan ƙarƙashin mota, ya yi ta ci a ɓoye shekara da shekaru. Wannan tsatsa daga ƙasa take hawowa, ana samunta a bakin taya, a ƙarƙashin matakala, a inda sifirin ɗin baya ke riƙe. Ta biyun kuwa tamu ce, daga sama take sauka. Tayoyin gaba ne ke jan J5, don haka cikinta shimfiɗe yake, ƙasa-ƙasa, abin da ya sa ’yan lodi ke son ta. A wannan shimfiɗar ruwan tumatir mai tsami ke kwana, ga buhunan takin zamani a farkon damina, ga fitsarin awaki da tumaki idan layya ta gabato. Ogan ya nuna mini wani rami a tsakiyar daɓen motar wanda yaro zai iya zura kai. A nan ne, in ji shi, ta sama da ta ƙasa suka yi musabaha.

Maganinta guda ne, a yanke. Ba a goge tsatsar da ta huda ƙarfe, ba a shafe ta da fenti ta mutu. Wani yaro ya ɗora kwali a kan ramin ya zana, ya kai zanen kan falankin ƙarfen da aka yanko daga rufin wata mota da ta riga ta mutu, ya bi shi da almakashin ƙarfe. Rufi ne ya fi daɗewa lafiya a jikin mota, shi ya sa ko gawa ce ba a barin nata ya tafi wurin ’yan gwangwan. An riga an sauke tankin mai an cire batir tun ranar farko. Da na tambayi dalili, kallon da ogan ya yi mini ya ishe ni amsa.

Walda iri biyu suke yi. Ta lantarki, mai walƙiyar da ke kashe ido, ta ƙarfe mai kauri ce, irin na ƙashin bayan mota. Fatar jiki kuwa kaurinta bai cika kai milimita 1 ba, wutar lantarki sai ta huda ta. Nan sai waldar kabaid. Ana zuba duwatsun kabaid a wata tukunyar ƙarfe, ruwa na ɗiga a kansu, su fitar da iska mai kama wuta, mai wari kamar tafarnuwa. A haɗa ta da iskar oksijin daga tulu, su haɗu a bakin tocila, harshen wutar ya koma shuɗi siriri. Na zaci ogan zai kama daga wannan gefe ya ja layi har wancan. Ashe ba haka ba ne. Ɗigo yake yi a nan, ya tsallaka can nesa ya yi wani, yaro na biye da jiƙaƙƙen tsumma yana dannawa, tururi na tashi. Idan zafi ya taru wuri guda, ƙarfen murɗewa yake yi, kuma wanda ya murɗe sai an sha wuya da guduma kafin ya kwanta. Ya fi awa guda a kan facin da bai wuce faranti ba, bai ce uffan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne idanun yaran. Mai waldar lantarkin baƙin tabarau ne na kasuwa a fuskarsa, wanda ke riƙe masa ƙarfe kuwa kau da kai kawai yake yi. Duk wanda walƙiyar nan ta taɓa kamawa ya san daren da ake kwana kamar an watsa yashi a ido.

Rigima ta tashi bayan azahar, a kan ƙofar baya. Kawu ya duba aljihunsa ya duba ƙofar, ya ce a cike ƙasanta da fila a wuce wurin.

“Oga, fenti zai rufe. Wa zai sani?”

“Damina za ta sani, Alhaji. In ta fashe kuma sunana za ka kira a tasha, ba sunan fila ba.”

Gaskiyar ogan ce. Fila, wadda ake kwaɓawa da ɗan maganin da ke sa ta daskare cikin ’yan mintuna, an yi ta ne don ta baje ’yan ƙananan lotsawa, a shafa ta siririya. Idan aka toshe rami da ita, danshi zai shiga ta baya, ƙarfen ya ci gaba da ruɓa, fentin ya kumbura kamar ƙurji, wata rana a faɗa rami a hanya ta ɓalle dunƙule guda. Amma shi ma Kawu ba rowa ce ke damunsa ba. Kowace rana motar ta kwana a kan kututture, lodi ne ya wuce shi, ga gida na jira. Suka daidaita a tsakiya: aka yi wa ɓangare guda na ƙofar walda, ɗayan kuma aka nemo na wata Ducato a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci.

Na koma bayan mako biyu, ranar fenti, da sassafe kamar yadda aka ce mini. Motar ta yi toka-toka da fentin share fage, yara uku sun kwana biyu suna bin ta da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ta ƙarshen da ruwa, har tafin hannunsu ya yi fari. Mai fentin wani ne daban, matashi, ba ya duba aiki da ido sai da hannu: ya rufe ido ya shafa gefen motar, ya tsaya, ya sa alli ya zagaye wani wuri da ni ban ga komai a kai ba. Aka sake gogewa.

Manyan gareji suna da rufaffen ɗakin fenti mai zafi. A nan sai dabara. An rufe gilashi da fitilu da tsofaffin jaridu, an yayyafa wa ƙasa ruwa ko’ina don kada ƙura ta tashi, an kafa tamfol ta gefen da iska ke zuwa. Da hunturu hazo ne abokin gaba, da damina kuma danshi, ana kuma sammako kafin gari ya motsa ya tayar da ƙura. Matashin ya tace fentin da guntun yadi, ya sirka da tina, kwamfuresa ta ɗauki kuka. Tsakanin bindigar fentin da jikin motar kamar taƙi guda, hannunsa na tafiya dama da hagu ba sauri ba nawa. In ya matsa kusa ko ya daɗe wuri guda, fentin ya zubo, su ce ya yi hawaye. In ya yi nisa, ya bushe a iska ya sauka da kaushi. Sau uku ya zagaye ta, yana hutawa tsakani ta sha iska. Da ya gama ya kwance hankicin da ya ɗaure hanci da shi, wanda ya rine ya zama shuɗi, aka miƙo masa gwangwanin madara. Sun yarda tana wanke ƙirji. Ba ta wankewa, abin da ya shiga huhu ba ya bin hanyar ciki, amma ba ranar gardama ba ce.

Da rana ta ɗaga, J5 ta tsaya shuɗiya tana ɗaukar ido, masu wucewa na cewa sabuwa fil. Facin da ogan ya ɓata awa a kansa yana can ƙarƙashin daɓe, an shafe shi da baƙin kwalta, sai wanda ya kwanta a ƙasa zai gan shi. Ogan ya ce a bar ta kwana uku fentin ya yi ƙwari, a shimfiɗa mata katako da tamfol a ciki, kuma a riƙa wanke ta duk lokacin da aka sauke tumatir. Kawu na ta gyaɗa kai, wayarsa a kunne. Wani dillalin tumatir ne daga Kwanar Gafan, yana tambaya ko motar za ta samu jibi.

“Za ta samu,” in ji Kawu.