Lasifikar miliyoyi: kunne ake saya wa ko ido?

Jama'a, duk da tsadar rayuwar nan da muke ciki, na lura angwaye da masu gyara falo sun shiga wata gasa ta sayen lasifika. Wani har bashi yake ci don a ce falonsa ya fi na abokinsa ƙara. Ni mai son sauti mai daɗi ne, shi ya sa nake so mu yi maganar nan tsakani da Allah.

Da farko dai, araha ba ta ado. Lasifikar dubu talatin da ta dubu ɗari uku ba ɗaya ba ne, ko yaro zai ji bambanci. Mai arahar nan da an ƙure ta sai ta fara karkarwa, murya ta shaƙe, ganga ta danne komai. To amma daga nan zuwa sama fa? A nan gizo ke saƙar. Akwai lasifikar kamfanin Wilson Audio na Amurka da aka sa wa guda biyu kuɗi sama da dala 600,000. Ku buga da canjin yau ku gani. Shin ta ninka ta dala dubu ɗaya daɗi sau ɗari shida? Wallahi a'a. Galibin kuɗin yana tafiya ne a aikin hannu, kayan da aka ƙera akwatin, ƙarancin adadin da ake yi, da kuma suna.

A 1994 wasu masana sauti biyu, Floyd Toole da Sean Olive, sun yi wani gwaji a kamfanin Harman, mai JBL. Aka kunna wa mutane lasifiku suna kallonsu, sai suka fifita manyan masu tsada da rata mai yawa. Da aka ɓoye su bayan labule, ratar ta ragu ƙwarai, ƙarama mai sauƙin kuɗi ta ɗago. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a nan ya kore shi da gaske.

Sannan kunnen kansa yana da iyaka. Yaro mai lafiya yana jin sauti daga kusan haz 20 zuwa 20,000, kuma kullum shekaru na tafiya saman yana zaizayewa. Mu da muka sha ƙarar janareta da hon ɗin Adaidaita, wani siririn sautin da ake biyan miliyoyi a kansa ba ma za mu ji shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin. Falonmu na yanzu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga. Sauti yana dukan waɗannan ya dawo ya cakuɗe da na asali, kamar magana a cikin sabon gini da ba a sa kaya ba. Kafet mai kauri, labule mai nauyi, da ɗan janye lasifikar daga kusurwa, za su gyara maka sauti fiye da ƙarin rabin miliyan. Ga kuma abin da kake kunnawa. Waƙar da aka tura maka a waya an matse ta, ko tsohon kaset ɗin Shata da aka juya sau goma, babu lasifikar da za ta dawo da abin da ya riga ya zube.

Kar kuma lambar kwali ta ruɗe ka. Idan ka ga an rubuta 5000W PMPO, talla ce kawai, lambar RMS za ka duba. Ko ninka ƙarfin ka yi sau biyu, desibel 3 kacal ya ƙaru. Kuma ka tuna da wutarmu: dawowa ɗaya da ƙarfi za ta iya ƙona amfilifaya idan babu sitabilaiza.

Shawarata: ka sayi matsakaiciya mai kyau, ta asali. Ka je shago da karatu ko waƙar da ka sani sarai, ka juya baya, ka ce a kunna maka biyu ba tare da an faɗa maka kuɗinsu ba. Idan kunnenka bai bambanta ba, ka mayar da canjin gida, akwai buhun shinkafa da kuɗin makaranta suna jira. Wanda Allah Ya hore wa, kuma sha'awarsa ce, babu laifi, kuɗinsa ne. Cin bashi don baƙi su yaba ne ban yarda da shi ba.

Ku fa, wace iri kuke amfani da ita a gida?