Wayne Perkins, makaɗin jitar da ba a rubuta sunansa a faifai ba

Masu sauraron Bob Marley, ku sake kunna "Concrete Jungle", waƙar da ta buɗe faifan Catch a Fire na 1973. Ku kasa kunne ga jitar nan da ke shigowa tana jan sauti kamar mai kuka. Da yawa sun ɗauka ɗan Jamaika ne ya kaɗa ta. Ina! Wani Bature ne ɗan jihar Alabama ta Amurka, Wayne Perkins, haifaffen 1951.

Perkins makaɗin haya ne. Ya goge a situdiyon Muscle Shoals, inda sana'ar ita ce a kira ka, ka saurari waƙar wani, ka sa mata abin da ta rasa, a sallame ka. A 1972 yana Landan, Chris Blackwell mai kamfanin faifai na Island ya neme shi. The Wailers, ƙungiyar su Marley, sun riga sun naɗo waƙoƙinsu a Kingston, amma Blackwell na son kiɗan ya shiga kunnen matasan Turai da Amurka da suka saba da rock. Perkins bai san rege ba. Shi da bakinsa ya ce da farko ya rasa inda zai sa ƙafa a kiɗan. Da ya gano kansa, sai ya zuba abin da har yau ake yabo. Ya kuma taɓa "Stir It Up". Faifai ya fito, ya zaga duniya, babu sunansa a bango.

Da makaɗin jita Mick Taylor ya bar ƙungiyar Rolling Stones a ƙarshen 1974, Perkins na cikin waɗanda aka gwada don maye gurbinsa. Jitarsa ce a "Hand of Fate" cikin faifan Black and Blue na 1976. Gurbin kuwa Ronnie Wood aka ba, ɗan Ingila irinsu.

Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni dai ban ga zalunci daga Marley ba: waƙa tasa ce, murya tasa ce, saƙo nasa ne. Matsalar tana cikin tsarin sana'ar. Makaɗin haya ladan aikin ranar yake karɓa, ko faifai ya sayu ko ya kwanta. Abin da kawai zai jawo masa aiki na gaba shi ne a san shi ya yi na baya. In aka bar sunansa, an taɓa masa jari.

Don haka mawaƙa da masu situdiyo, in kun saki waƙa, ku rubuta wanda ya kaɗa da wanda ya haɗa sauti. Layi ɗaya ne, ba ya rage muku komai, shi kuwa abincinsa ne.