Kalmomi Ukku na Ingilishi Masu Nuna Nauyin Magana

Ya kai mai karatu, yanzu ka iya haɗa baƙaƙen Hausa. Ko ka san da baƙaƙen nan ne ake rubuta Ingilishi? In kana zaune Maraɗi, Katsina ba ta da nisa. In kana Damagaram, hanyar Kano tana gabanka. In kana Ƙonni, ga Illela nan kusa. Kwalin magani da buhun taki da ke zo mana daga Nijeriya, rubutunsu da Ingilishi yake. Kuma a shekara ta 2025, dokar ƙasarmu ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. To ka ga sanin ƴan kalmomi ba ɓanna ba ne.

Ni ban yi lakkol mai nisa ba. Ɗan Ingilishin da na iya, cikin fataucin atamfa na tsince shi, a kasuwar Kantin Kwari ta Kano. Ina so in ba ka kalmomi ukku da na ga amfaninsu. Duka suna nuna ko magana tana da nauyi ko ba ta da shi.

Mu Hausawa cewa muke: abu yana da muhimmanci. Mai Ingilishi kuwa yakan yi ta da kalmar aiki guda, kamar yadda muke cewa ya tafi ko ya zauna.

Ta farko ita ce matter. In an faɗe ta, kunnenka zai ji kamar "mata". Kak ka yi dariya, ba matan gida ake nufi ba! In mutum ya ce maka "It matters", yana nufin abin ga yana da muhimmanci. In ya ce "It doesn't matter", yana nufin ba komai. Duba da kyau. Kalma guda ce ta shiga tsakani, wato doesn't, ta juya magana gaba ɗaya. Wanda ya kama "mata" kaɗai bai ji komai ba tukuna. Ka lura kuma da baƙin s. Yana nan cikin matters, amma in doesn't ta zo sai ya faɗi. In tambaya za ka yi, sai ka ce "Does it matter?" Wato, akwai damuwa?

Ta biyu ita ce count. Ana faɗinta "kaunt". Ma'anarta ta fari ƙirga. Ka san akanta, mai lissafin kuɗi? Tushensu ɗaya. Amma tana da ma'ana ta biyu. Abin da ake ƙirgawa shi ne abin da aka damu da shi. Ba wanda ke ƙirga tsakuwar hanya. Saboda haka "It counts" na nufin yana cikin lissafi, yana da daraja. "It doesn't count" na nufin ba ya cikin lissafi. In ka taɓa jin ma'aikaci ya ce "ça compte" da Faransanci, to, ita ce wannan.

Na ji nauyin kalmar ga a bakin likita. Wata shekara na raka ƙanena asibiti a Nijeriya. Tarin fuka ya kama shi. Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta da yawa. Ya ce za a sha magani wata 6. Na tambaye shi ko yaro zai iya bari in ya ji sauƙi. Ya girgiza kai, ya ce: "Every day counts." Wato kowace rana tana cikin lissafi. Gaskiya gare shi. Mai tarin fuka yakan ji ƙarfi tun kafin ƙwayar cutar ta mutu duka. In ya bar magani, ciwo yana iya dawowa, kuma ƙwayar tana iya daina jin maganin. Na fassara ma ƙanena da Hausa. Ya sha har ya cika wata 6.

Ta ukku ita ce mean. Ana faɗinta "miin", da jan baki. Ma'anarta nufi. Wannan ita ce sandar baƙo. In aka gaya maka abin da ba ka gane ba, ka ce "What does it mean?" Wato, mi yake nufi? Matambayi ba ya ɓata. Ita ma tana auna nauyi, amma nauyin da ke cikin zuciya. In ka yi ma wani alheri ya ce "It means a lot to me", yana nufin abin nan babba ne a wurina. In ya ce "It means nothing", yana nufin ba a bakin komai yake ba.

Ga bambancinsu a taƙaice. Matter tana nuna abu zai haifar da wani abu, alheri ko sharri. Count tana nuna abu ya shiga lissafi. Mean tana nuna matsayin abu a ran mutum.

Yanzu ɗauko alli ko biro. Rubuta kalmomin ukku cikin littafinka. Gaban kowace, sa ma'anarta da Hausa. Sannan ka rubuta kowace da doesn't a gabanta, ka karanta da ƙarfi har kunnenka ya saba. In magana ta shafi magani, ko kuɗi, ko takardar da za ka sa hannu, kak ka ce "yes" don kunya. Ka sa a maimaita maka, ka tabbata ko akwai doesn't a ciki. Allah shi ƙara mana sani mai amfani.