Jirgin Baba Da Jirgin Jikansa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Ebute Metta, nan Ikko. Cikin gadon da ya bari akwai ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, ƙirar kamfanin Hornby, wanda ya yiwo tsaraba daga Ingila tun ba a haife ni ba. Duk sassansa kwafin na gaske ne, an rage su sau 76.

Bara na sayo wa ɗana nasa, muka ɗora su biyu kan dogo guda. Da na murɗa makunni sai suka tashi tare; da na mayar suka tsaya tare. Yaro ya fashe da kuka, shi lallai nasa zai tuƙa shi kaɗai.

Dalili kuwa, a tsohon tsari dogo ake ba umurni. Wuta ce mai ƙarfin bolt 12: a ƙara ta jirgi ya yi sauri, a juya ta ya yi baya, kuma duk abin da ke kan ƙarfen dole ya bi. Mai son tuƙa biyu sai ya yanka dogon gida-gida, kowane da makunninsa.

Sabon tsari, watau DCC, kamfanin Lenz na Jamus ya ƙago shi, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka ta amince da shi a 1994. A nan wuta ba ta barin dogo, saƙo ne ke tafiya cikinta. Kowane jirgi yana da 'yar na'ura kamar farcen babban yatsa, da lambarsa. Wanda aka kira shi kaɗai ke amsawa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Bayan tsada, tsohon jirgi in ya daɗe tsaye kan irin wannan dogo sai ya yi ta ƙugi har injinsa ya ƙone. Kafin na Baba ya shiga tsarin sai an buɗe cikinsa, an yanke wayoyi, an liƙa sababbi da dalma. Sau biyu ina ɗaukar sukudireba ina ajiyewa, domin kuwa ƙullin da ke jikin wayoyin nan hannunsa ne ya yi shi.

Daga bisani na shimfiɗa dogo biyu, wani cikin wani. Na ciki na yaro ne da lambobinsa, na waje na Baba ne da tsohon makunninsa. Ran Lahadi in an kawo wuta, sai mu zauna kan tabarma, kowa ya ja nasa.